Tambulan Na Biyu A Gidan Ulin

Ruwan azahar bai gama ɗaukewa ba aka bugo waya caji ofis, aka ce an tsinci Haji Darmawi kwance cikin jini a barandar gidansa, a Muara Sintuk.

Sufeto Ardani ya ajiye wayar, ya daɗe yana kallon bango. Da za a ba shi zaɓi, da ya yarda a tura shi ko'ina a bakin kogin nan ban da wannan ƙauye. A can aka haife shi. A can gungume ya tsinke igiya ya danne ubansa tun shi yana yawo ba wando. Tun da ya sa kaki sau ɗaya ya koma, ranar da aka binne uwarsa.

"Saje Sutarmo, ɗauko jakar aiki. A tayar da jirgin ruwa."

Saje Sutarmo mutumin tsibirin Jawa ne, bara aka turo shi, har yanzu kogi na juya masa ciki. Ya ɗauko jaka yana gunaguni.

Muara Sintuk ba ta canja ba, sai dai ta ƙara ruɓewa. Injinan yanka katako da a da suke hana a ji kiran salla, yanzu biyu kaɗai ke motsi. Dusar katako ta yi tsibi ta yi baƙi a bakin ruwa. Dajin da ya ciyar da ƙauyen an kora shi teku gungume bayan gungume, aka bar maza masu guntayen yatsu zaune a kan benci suna jiran abin kallo.

Yau sun samu.

Wani tsoho ya cafe igiyar jirgi ya ɗaure.

"Ardani! Sai an kashe mutum muke ganinka?"

"Julak Basuni, ina wuni? Aiki ne ya yi yawa."

"Aiki. Ga shi kuwa bai hana ka tumbi ba."

Julak yake ce masa, kamar yayan uba, amma ba jini ya haɗa su ba. Basuni abokin aikin ubansa ne, tare suke ɗaure gumagumai su kora su gangaren kogi. Bayan mutuwar uban shi ya riƙa kawo musu shinkafa da busasshen kifi, shi ya koya wa Ardani iyo. Wayar jan gungume ta cinye masa yatsu uku na hannun dama, ta bar masa babba da ƙarami.

A gindin turken kwata an ɗaure wani matashi da igiya, leɓensa a fashe. Dehen ne, ɗan ƙabilar Dayak mazauna daji, mai aikin faskare. Taron maza ya kewaye shi.

"Shi ne, Pak Sufeto! Kowa ya ji shi a kasuwa yana cewa Haji ba zai ci gidan nan lafiya ba!"

"Ba don Julak ya tare mu ba, da kogi za ka zo nemansa."

Ardani ya sa aka kwance shi aka kulle a ofishin dagaci. Ya juya wajen tsohon.

"Julak, kana ina lokacin da abin ya faru?"

"Ina saman kogi wajen komata tun asuba. Rabona da tsanin gidan nan tun ƙaramar salla. Ni da Darmawi sai gaisuwa daga nesa."

Gidan Haji na tsaye a kan tudu, a bisa turakunsa na ulin, icen nan mai ƙarfi kamar ƙarfe, baƙi ƙirin kamar yadda Ardani ya san shi tun yana yaro. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa. A ƙasan tsani akwai igiyar rotan, wata kurangar daji, da aka saƙala wa ganyaye, an datse ta da adda an yar a taɓo.

Haji na kwance rub da ciki kusa da tabarma. An buge shi a ƙeya, bugu ɗaya. Gudumar katako da ake buga turaku da ita tana gefensa, ta gidan ce, kullum a baranda take.

Ardani ya tsuguna. A kan tabarma akwai faranti da wainar shinkafa mai danƙo, da tambulan biyu na gahawa masu zanen zinari a baki. Ɗaya an sha rabi. Na biyun cike yake, ya huce, ba a kurɓa ba. Amma a jikinsa akwai tabon jini biyu: babba a waje, ɗan siriri a leɓen ciki.

"Fallatsi ne, Pak," in ji Saje.

"Fallatsi ya tsallake faranti da tabarma ya faɗa cikin tambulan kaɗai?"

"To mai kisan ne ya gusar da shi."

"Don me? Mutum ya kashe mutum, hannunsa da jini, ya tsaya taɓa tambulan, kuma bai sha ba."

Ya miƙe ya dubi bango. Kowane allon katako an rubuta masa lamba da alli, sabon rubutu. Turken tsakiya shi ne lamba ɗaya.

Acil Rukayah, wato goggo Rukayah, matar mamacin, tana ɗakin baya, mata sun kewaye ta. Ta ja gyale ta rufe rabin fuska.

"Acil, Allah ya ji ƙansa. Wa ya zo wurin Haji yau?"

"Ba kowa. Sai wannan arnen da ya ɗaure mana tsani da safe."

"Tambulan na biyu na waye?"

"Nawa ne."

"Yaushe kika fara shan baƙar gahawa a barandar maza, da tambulan na baƙi?"

Wata tsohuwa a gefe ta ce, "Kai Rukayah, ai tare muke wajen karatun Yasin har ruwa ya tsaya."

Acil ta harare ta. "To ba na gida. Na ji kunya ne a ce na bar shi shi kaɗai."

"Ke nan Haji da kansa ya dafa. Zai dafa wa Dehen?"

Ta yi wata 'yar dariya mai ɗaci duk da hawayen. "Dehen? Ko ruwan wanke ƙafa Haji ba zai ba shi ba. Ƙafarsa ba ta taɓa taka barandar nan ba."

"Na gode, Acil. Lambobin da ke bango fa?"

"Gyara za a yi."

"Gidan ulin ne za a yi wa gyara da alli?"

Ta ɗago kai. "Gidanmu ne, Ardani. Surukina Haji Masrani ya mallake shi da takardar dagaci tun kafin ka yi wayo. In mun ga dama mu sayar, in mun ga dama mu ƙona. Kai da ka girma kana cin ragowar shinkafa a ƙarƙashin gidan nan, yau kai ke tuhumata?"

Ardani ya san gaskiya ta faɗa. Ya ci.

A ofishin dagaci, Dehen na zaune a ƙasa ya jingina da bango. Uwarsa, 'yar tsohuwa mai hujin kunne, tana tsugune a waje bakin taga tun da aka kulle shi.

"Ka je gidan yau?"

"Ban je ba."

"Igiyar da ganye aljanu suka ɗaura?"

Dehen ya tofar da jini. "Na je da safe. Na ɗaura yadda al'adarmu ta ce a yi wa wurin da ake jayayya a kansa. Haji ya sauko ya datse, ya ce in je in ɗaura wa kakana a kabari. Na tafi faskare na."

"Me ya sa ka ce ba ka je ba?"

"Pak, dubi bakina. Da na ce ban je ba ma ga abin da na samu."

"Mene ne naka a gidan?"

"Ka sani, kai ɗan garin nan ne."

"Faɗa wa Saje, shi baƙo ne."

Dehen ya dubi Saje. "Kakana ne ya sare dajin tudun nan lokacin babu kowa sai birai. Shi ya kayar da ulin ɗin, shi da ƙannensa suka ja su da hannu. Da kamfanin katako ya zo, suka ce a ara musu gidan su yi ofis. Aro. Suka ba shi injin jirgi don ya ji daɗi. Injin ya mutu bayan damina biyu. Gidan bai dawo ba."

"Daga nan?"

"Da itace ya ƙare, kamfani ya kwashe kayansa. Heluma Masrani ya zauna ciki. Wata rana muka ji ya zama Haji, gida kuma ya zama nasa. Ya mutu ɗansa ya gada. Uwata a ɗakin gaba aka haife ta, Pak. Yau in ta bi ta gindin tsani sai ta cire malafa ta sunkuya." Ya ƙara da cewa, "Na so ya mutu. Ban ɓoye ba. Amma ban kashe shi ba."

Wayar Ardani ta yi ƙara. Kwamanda ne.

"Na ji kun kama mutumin."

"Mun tsare wani, Pak Kwamanda. Ban gamsu ba."

"Ya yi barazana a gaban kasuwa, ya je gidan, me kake so kuma, hoto? Haji na da mutane a gari, tun ɗazu suke kirana. Gobe kafin la'asar ka kawo shi nan a rufe fayil. Kada ka jawo mana rikicin ƙabila."

Ardani ya san abin da hakan ke nufi. In Dehen ya shiga jirgin nan gobe, uwarsa ba za ta sake ganinsa ba sai ta bayan wayar kurkuku, in ta yi tsawon rai.

Da safe suka sami wani baƙo da ya sauka ƙauyen, zaune a rumfar gahawa ta bakin kwata. Pak Hendro, daga Surabaya, takalmi mai tsada, taba a baki.

"Me ya kawo ka Muara Sintuk?"

"Hutu. Ina son kamun kifi."

"Ina ƙugiyarka?"

"Zan saya."

Ardani ya miƙa hannu ya zaro guntun alli daga aljihun rigar mutumin, ya ajiye a kan tebur. "Da wannan kake kama su?"

Pak Hendro ya yi murmushin dillalai. "To, Pak Sufeto, ba laifi ba ne. Tsofaffin gidajen ulin nake saye. A kwance su allo-allo, a loda a jirgi, a sake ɗaurawa a wani otal a Bali. Turawa na son kwana a cikin tarihi. Mun gama magana da Haji tun makon jiya. Mutuwarsa ni ta fi cuta."

"Jiya da azahar kana ina?"

"A nan, ruwa ya tsare ni. Tambayi mai rumfa."

Mai rumfar, wata mace mai faɗin baki da ake kira Acil Jubai, ta gyaɗa kai. "Yana nan. Ya cinye mini soyayyar ayaba yana cewa ta yi mai."

"Filin fa? In an ɗauke gida, wa zai ɗauki ƙasa?"

"Kamfanin kwakwar manja. Za su yi wurin lodi tun daga bakin ruwa har bayan itatuwan rambutan."

Ardani ya ɗago kai. "Akwai kaburbura a bayan rambutan."

"Haji ya ce tsofaffi ne, na leburori. Ya ce katafila za ta daidaita wurin."

Acil Jubai ta ajiye wa baƙon sabuwar gahawa a gabansa. Ya duba agogo, ya miƙe. "Bar ta, sauri nake."

"Kai! Pak! Taɓa mana kafin ka tafi!" Ta biyo shi har bakin rumfa. "Jirgi fa za ka shiga! Ko da yatsa ne, taɓa!"

Ya ɗaga mata hannu ya wuce. Ta dawo tana tsaki. "Mutanen birni. In kogi ya juye da shi a ce tsautsayi."

"Me ya faru?" in ji Saje. "Bai biya ba ne?"

"Kapuhunan, Pak Saje. An miƙa maka abin ci ko na sha, ka tafi ba ka ɗanɗana ba, ba ka ko taɓa ba, ai ka kira wa kanka bala'i. Maciji, faɗuwa daga itace, kifewar jirgi. Ƙanen mijina haka ya bar shinkafa a faranti yana sauri, ranar zarto ya raba shi da hannu."

Saje ya yi dariya. Ardani bai yi ba. Tambulan na biyu yake gani a idonsa, cike, da tabon jini a leɓe.

"Acil Jubai, jiya cikin ruwan nan kin ji jirgi a gindin tudun Haji?"

Ta shiga goge tebur. "Na ji inji ya tashi. Ya ɗan yi nisa, sai na ji ya juyo. Ya mutu. Can kuma ya sake tashi ya tafi."

"Injin wa?"

"Ruwa ake, Pak. Ina zan sani?"

A ƙauyen da jariri ma ya san kukan injin ubansa. Ta ci gaba da goge teburin da ya riga ya bushe, ba ta kalle shi ba.

Suna fita Ardani ya ce, "Ka gane, Saje? Haji ya dafa masa gahawa. Suka yi cacar baki, bai sha ba. Ya buge shi, ya gudu, ya tayar da inji. Yana tsakiyar kogi ya tuna an miƙa masa gahawa bai taɓa ba. Ya juyo. Ya hau tsani, ya tsallake gawa, ya taɓa tambulan."

"Mahaukaci ne? Ya koma inda ya yi kisa saboda gahawa?"

"Ba mahaukaci ba ne. Ɗan kogin nan ne. Kuma mutum ne da Haji zai fito wa da tambulan mai zinari."

Ya ce wa Saje ya jira shi a kwata. Shi kaɗai ya zagaya bayan gidan.

Kaburburan na nan a ƙarƙashin rambutan, ciyawa ta haɗiye yawancinsu. Duk ma'aikatan kamfani ne, waɗanda gungume ko waya ko kogi ya kashe. Babu sunaye, sai guntayen turakun ulin. Biyu kaɗai aka nome tsaf. An watsa musu furanni da yankakken ganyen pandan, ruwan jiya ya buga su cikin ƙasa amma ba su ko yi yaushi ba.

Ɗaya na Sahrul ne, ɗan Basuni tilo, wanda ya nutse a ƙarƙashin gumagumai yana saurayi.

Ɗayan na uban Ardani ne.

Ya tsaya a kansa. Shekaru nawa rabonsa da nan, shi da mamacin ya haifa. Wani ne ke nome masa kabarin uba. Ya cire hula ya yi fatiha. Da ya gama ya ji yana fushi, bai san da wa ba.

Ya koma rumfar Acil Jubai ya ce ta cika masa fulas da gahawa, ta ara masa tambulan biyu. Ya bi ta kwata ya ɗauki Saje.

Gidan Basuni a kan ruwa yake, ɗaure a kan tsofaffin gumagumai a gangaren ƙauye. Tsohon na zaune yana ɗinkin koma. Idonsa ja, kamar wanda bai runtsa ba.

"Ka zo da ɗan Jawa ka nuna masa talauci?"

"Na zo mu sha gahawa, Julak. Rabon da mu zauna."

Ya zuba, ya tura masa tambulan gabansa. Basuni ya kalla bai ɗauka ba.

"Cikina ba daɗi."

"Kifi ya samu jiya?"

"Kaɗan."

"Komar kuwa a bushe take. Ga shi har gizo-gizo ya yi saƙa a kwandon."

"Ka zama mai binciken kwando?"

"Wa ya nome kabarin babana?"

"Ni. Tun makon jiya. Tun da ɗansa ya fi ƙarfin riƙe fartanya."

"Furen makon jiya ba ya kwana ɗanye, Julak."

Tsohon ya ci gaba da ɗinki. Zaren na kuɓuce masa.

"Yau kafin la'asar zan tafi da Dehen," in ji Ardani. "Kwamanda ya ce a rufe fayil. Ina so ka raka mu ofishin dagaci ka sa hannu cewa kai ka hana a kashe shi. Tashi mu je, jirgi na jira."

Ya miƙe. Saje ya miƙe. Basuni ya ajiye koma, ya yunƙura, har ya kai bakin ƙofa. Sai ya tsaya. Ya dubi kogi. Ya juyo, ya sunkuya, ya dafe tambulan da babban yatsa ta waje, ya tsoma ƙaramin yatsa ta ciki, ya kai bakinsa.

Yana ɗagowa suka haɗa ido.

Ardani ya ɗauki tambulan ya ɗaga shi a haske. Danshin hannun tsohon ya bar tabo biyu: babba a waje, ɗan siriri a leɓen ciki.

Ruwa na bugun gumagumai a ƙarƙashinsu.

"Ni na koya maka wannan," in ji Basuni a hankali. "Kana yaro, kullum kana sauri, sai na kamo ka na dangwala maka yatsa a shinkafa."

"Na tuna."

Tsohon ya zauna a bakin ƙofa. "Ka san ranar da kamfani zai tafi, manaja ya tara mu a gindin tsanin nan. Ya ce gida da tudun ya bar wa ma'aikata, tun da 'yan'uwanmu na kwance a baya. Masrani ya ce a sa sunansa a takarda don sauƙi, shi ne heluma, shi ya iya rubutu. Muka ce to. Muka tafa masa ma. Ubanka na da rabo a tudun nan, Ardani. Iyakar rabonsa ke nan, inda yake kwance."

"Kamfani ya ba ku abin da ba nasa ba."

"Na sani. Kowa ya sani. Ɓarawo ya ba mu, ɓarawo ya karɓe. Ni ban taɓa neman allo ɗaya ba. Da na ji maganar katafila na je na nome su, na hau wurin Darmawi. Ya yi mini faran-faran, ya dafa gahawa da hannunsa. Na ce, 'Darmawi, sayar da gidan, ka bar mana gindin rambutan.' Ya ce an riga an auna. Na ce Sahrul na can. Na ce tare kuka yi wasa da shi. Ka san abin da ya ce?"

Ardani ya girgiza kai.

"Ya ce, 'Julak, sha gahawarka. Ƙashi ba ya jin nauyin mota. In ka damu, kawo buhu ka kwashe naka.' Buhu, Ardani. Ya juya zai ɗauki taba yana dariya. Gudumar na nan kusa da hannuna."

"Sannan ka gudu."

"Na gudu. Ina tsakiyar ruwa, iska na kaɗa jirgi, na tuna tambulan. Na ce yau kogi zai karɓe ni kamar yadda ya karɓi ɗana. Na kashe mutum ban ji tsoro ba, gahawa ta ba ni tsoro." Ya yi dariya marar sauti. "Na koma na taɓa don in tsira daga kogi. Ashe kai za a turo."

"Dehen fa? Kana kallo suka fasa masa baki."

"Na hana su kashe shi."

"Ka bari in tafi da shi."

Basuni ya sunkuyar da kai. "Na ce yaro ne, zai iya zaman kurkuku, ni ba zan iya ba. Na ce in na tafi wa zai tsaya gaban katafila. Na ce Dayak ne, sun saba a kwashe musu." Ya goge fuska da guntun hannunsa. "Kakansa muka ci wa gida, jikan kuma na so in ci masa rai. Duk abin da na gaya wa kaina jiya, na san ƙarya ne."

Saje ya fito da ankwa. Ardani ya karɓa daga hannunsa. Shi da kansa ya sa, a hannun da ya riƙe shi ranar da ya fara shiga ruwa.

A ofishin dagaci aka buɗe wa Dehen ƙofa. Uwarsa ta kama fuskarsa da hannu biyu tana duba leɓen. Mazan da suka ɗaure shi jiya suna kan bencinsu, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri.

"Pak Sufeto," in ji Dehen. "To gidan fa?"

"Kisa aka kawo mini ƙara. Ba a kawo mini ƙarar gida ba."

"Wa zan kai wa?"

Ardani ya kau da kai. Dehen ya gyaɗa kai kamar wanda ya sami amsar da ya zata, ya kama hannun uwarsa suka bi hanyar daji.

Da jirgin 'yan sanda ya zo daidai tudun, an riga an fara kwance gidan. Ba a ko yi sadakar uku ba. Acil Rukayah na tsaye a ƙasa da Pak Hendro, samari na bisa rufi suna zare allunan ulin suna miƙowa, wani na kiran lambobi. Cikin samarin har da jikokin waɗanda ke kwance a gindin rambutan. An ce za a biya su da yamma.

Basuni ya ɗaga hannuwansa biyu da ankwa ya nuna bayan gidan.

"Na Sahrul ne na gefen kogi. Na ubanka na kusa da babban itacen, kada ka rikita su." Ya sauke hannu. "Ka zo da buhu biyu."

Ardani ya ce wa direba ya ƙara wuta.